Ranar da Aka Auna Muhsina

A gidanmu ni ne bakin Muhsina. Haka Inna ke cewa, haka maƙwabta ke cewa, ni ma haka na ɗauka.

Ɗiyar yayana Bilyaminu ce. Shekararta bakwai. Uwarta ta kwana biyu tana naƙuda, da yarinyar ta fito kuma ba ta yi kuka ba sai can. Daga baya wani likita a Anka ya ce ƙwaƙwalwarta ta samu rauni a wannan jiran, shi ya sa gaɓoɓinta ba sa bin abin da take so. Masu cewa gubar dalma ce sun yi ta cewa, don uban yana aikin zinariya a Bagega. An auna jininta. Ba ita ba ce. Muhsina ba ta zama sai an tokare ta. Hannuwanta a dunƙule suke, wuyanta kan faɗi gefe. Magana kuwa babu, sai wani sauti daga maƙogwaro, sai dariya. Dariya kam tana da ita.

Na gama sakandare shekara uku da suka wuce. Sakamakon bai kai ni ko'ina ba. Abokaina wasu suna Gusau, wasu sun shiga rami tare da Bilyaminu. Ni na zauna. In na dawo daga gona sai in ɗauko Muhsina in kai ta zaure, in jingina ta da ƙirjina. In ta yi sautinta, in ce ruwa take so. A kawo, ta sha. In ce zafi take ji. A yi mata fifita, ta yi dariya. Mutane su ce, kai Kamilu, Allah ya ba ka. Ba a taɓa ce mini Allah ya ba ni wani abu ba sai wannan.

Uwarta Fa'iza ba ta kiran sunanta. 'Yar fari ce, akwai kunya. Takan ce wagga, ko ta Inna. A gaban Inna ko fuskarta ba ta kallo. Wanka, ciyarwa, wanki, duk tana yi, amma kamar wadda aka ba ajiya. In tana tsince wake takan kwantar da yarinyar a gefenta bisa tabarma, ta ɗan juya mata baya, ta yi ta magana ita kaɗai, ko da kaji.

"Ko akwai mai son kunu cikin gidan ga?"

In ce, "Matar Yaya, kaji ba su shan kunu."

Ta ce, "Ɗan boko, tahi ka nemo aikin yi, ka bar ni da kajina."

Bayan an gama girbin gero mai unguwa ya yi shela. Wata ƙungiya za ta zo wani ƙaramin asibiti a Bukkuyum, za a duba yara masu irin lalurar Muhsina. Ba allura, ba magani. Za a auna yadda suke isar da abin da ke ransu. Waɗanda aka ga suna iya cewa e ko a'a ta wata tabbatacciyar hanya za a sa su a wani aji, duk mako, a koya musu magana da allon hotuna. Yara goma sha biyu kaɗai. Sauran sai baɗi, in an dawo.

Ni na rubuta sunanta. A wurin da aka ce wa ya fi fahimtar yaron, na rubuta nawa.

Ranar, Inna ta ce ba za a kai jikarta gaban baƙi kamar 'yar bora ba. Aka fito da kayan Sallah, har safa da takalmin roba mai maɗauri. Sawu biyu na yi a babur ɗin da Bilyaminu ya bari a gida, na fara kai Inna, na dawo na ɗauki Fa'iza da goyonta. Mun tarar da layi. Yara wajen arba'in, daga Yargalma, daga ƙauyukan Gummi, har da Fulanin da suka zo a ƙafa. Ban taɓa sanin suna da yawa haka ba. Na riƙa duba iyayensu ina cewa a raina, cikin waɗannan duka ba mai irin nawa.

Wajen sha ɗaya aka kira mu.

Matar da ke awon sunanta Malama Lubna. 'Yar Gummi ce, ta yi karatu a Sakkwato. Ba ta zauna a kujera ba, tabarma ta shimfiɗa. Ta gai da Inna har ƙasa, ta gai da Fa'iza, ta gaishe ni, sannan ta sunkuya daidai fuskar Muhsina ta yi mata sallama. Ta tsaya tana jira, kamar za a amsa.

Na ce, "Ta amsa."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "To madalla."

Ta yi mana bayani. Matakai biyar ne. Na farko, yaron da ke fahimtar kowa, kowa na fahimtarsa. Na biyu ma haka, sai dai yana ɗaukar lokaci. Na uku, wanda 'yan gida kaɗai ke ganewa, amma suna ganewa sosai. Na huɗu, wanda ko 'yan gida wani lokaci su gane, wani lokaci su yi ta lalube. Na biyar, da ƙyar. Ajin na 'yan mataki na biyu da na uku ne. Ta ce ba wayo take aunawa ba. Hanya take nema.

Na zaunar da Muhsina a cinyata. Inna tana gefe. Fa'iza ta koma can kusa da ƙofa ta ja hijabi.

Malama ta ɗaga katuna biyu, ɗaya akuya ɗaya kofi.

"Muhsina, ina akuya? Dube ta."

Wuyanta ya faɗi hagu. Idonta ya bi kofi, ya bi taga, ya dawo. Malama ta yi shiru. Leɓenta na motsi kaɗan, ƙirga take yi. Shirun ya yi tsawo har na ji kamar ana kallon tsiraicina.

Na ce, "Akuyar take nufi."

"Malam Kamilu, ba kai nika aunawa ba."

Inna ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Ta gwada hannu. Ta sa cokali da kwano a gabanta ta ce ta taɓa cokali. Hannun ya tashi ya bugi iska. Ta gwada murya. Muhsina ta yi sautinta iri ɗaya ga kowace tambaya. Duk wannan lokaci ƙafarta ta hagu na ta harbi, takalmin na dukan ƙaurina. Haka take yi in an daɗe. Na matse ƙafar tsakanin gwiwoyina na ce, "Natsu mana."

Sai Malama ta ce, "To, yanzu naka. Kai ne anka rubuta."

Ta ce in juya fuskata bango. Za ta nuna wa Muhsina hoto ta kife. Sai in juyo in tambaye ta yadda na saba, in gano abin da ta gani. Hotuna huɗu ne a jere, ɗaya ne daidai. Sau goma.

Na yi murmushi. Wannan ai abin da nake yi kullum ne.

Na farko na ce kaza. Kaza ce. Na dubi Fa'iza. Kanta na ƙasa.

Na biyu na ce, "Ruwa ne ko? Ruwa." Muhsina ta yi dariya. Na ce ruwa. Malama ta buɗe, takalmi ne. Na uku na ce mota, ta yi dariya, ashe mage ce. Na fara zufa. Duk abin da na ambata sai ta yi mini dariya. Da nake cewa dariyar nan amsa ce, ranar na ga duk abin da na faɗa ita ce ke zuwa. Cikin goma na samu uku. Wanda ya rufe ido ya yi ta nuni ma zai samu kusan haka. Na yi lissafi a makaranta, ba sai an gaya mini ba.

Na ce, "Zafi ne. Kuma baƙon wuri ne. A gida ba haka take ba."

"Yana yiwuwa," in ji Malama. Ta juya wajen ƙofa. "Maman Muhsina, ke fa? Ko za ki gwada?"

Fa'iza ta ƙara dunƙulewa cikin hijabi.

Inna ta ce, "Ɗiyar fari ta, Malama."

"Na sani, Inna. Mu ma haka muka yi a gidanmu. In kun ɗan ba mu wuri..."

Na katse ta. "Ko a gida ba ta yi mata magana. Ni ka yi. Ɓata lokaci ne."

Ta dube ni, ta dubi layin da ke leƙowa ta taga. An fara kiran azahar. Ta ce mu je yarinya ta huta ta ci abinci, bayan salla ta sake gwadawa sau ɗaya, sannan ta rubuta.

Na miƙa wa Fa'iza yarinyar na tafi masallaci. Ban san abin da na karanta ba. Ana sallamewa na tashi, ko addu'a ban tsaya ba. Na yi niyyar in ɗauke Muhsina in kai ta wani lungu in koya mata, in ce in na faɗi daidai ki yi dariya, in ba daidai ba ki yi shiru. Na san maguɗi ne. Na tafi duk da haka.

Inna tana cikin mata a baranda, ta samu tsohuwar ƙawarta. Ta ce Fa'iza ta zagaya baya.

Bayan asibitin akwai wata katanga da ta faɗi rabi, da dogon yaro ɗaya. Na zo zan sha kwana na ji murya. Na tsaya.

"Muhsina."

Shekara bakwai ban taɓa jin sunan nan a bakin Fa'iza ba. Na leƙa ta tsagar katanga. Tana zaune ta miƙe ƙafa, yarinyar na kwance a cinyarta, suna kallon juna ido cikin ido. Ta cire mata takalmin hagu da safar. Ƙafar tana cikin tafin hannunta.

"Kin gaji?"

Ta jira. Na ga yatsun ƙafar sun lanƙwashe, sun danna tafin, sau ɗaya.

"Sannu. Yunwa?"

Ƙafar ta janye baya.

"To ƙishi?"

Ta danna. Fa'iza ta ba ta ruwa, ta goge mata baki da gefen zane.

"Abin da matar can ta nuna miki na biyu, ruwa ne?"

Ta janye.

"Takalmi?"

Ta danna.

"Na uku fa, mota?" Ta janye. "Mage?" Ta danna. Fa'iza ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana sa na ƙarya a tsakani. Daga inda take zaune kusa da ƙofa ashe duk tana gani. Ban ga an kuskure ko ɗaya ba. Ba gaggawa. In ƙafar ta yi jinkiri, sai ta jira, tana kallon sama.

Sai na tuna tabarmar tsintar wake, da yadda takan kwantar da ita, ƙafar hagu a jikin cinyarta, ƙarƙashin zane. Ba da kaji take magana ba.

"Baffa ya matse miki ƙafa ko?"

Ta danna da ƙarfi har dugaduginta ya ɗaga.

"Yi haƙuri. Bai sani ba. Ya cika surutu ko?"

Ta danna. Su biyu suka yi dariya. Ba irin dariyar da take yi mini ba ce. Wannan ƙasa-ƙasa take, ta waɗanda suka san abu tare.

Na koma da baya. Na je na tsaya jikin babur, rana na dukana, ban nemi inuwa ba. Sau nawa na ɗauke ta zuwa zaure? Sau nawa na kama ƙafar nan na ce natsu? Ni nake ɗaukarta a wuya in zagaya gari. Ni na yi faɗa da yaran da suka kira ta 'yar ruwa, har aka fasa mini leɓe. Ita kuma wadda ko sunanta ba ta faɗi, tana zaune tana kallona ina cika baki, shekara da shekaru, ba ta ce uffan ba. Tana bari ina ba yarinya ruwa alhali ba ruwa take so ba. Suna komawa ɗaki su yi mini dariya.

Ban ji daɗi don Muhsina ba. Ya kamata in ji. Ban ji ba.

Da aka sake kiran mu, takalmin ya koma ƙafarta, maɗaurin a ɗaure. Fa'iza ta miƙo mini ita ba ta dube ni ba, ta koma wurinta na ɗazu.

Malama ta sake gwada ido da hannu. Ta sake sa ni juya baya, sau biyar. Wannan karon ban matse ƙafar ba. Ina jin ta tana bugun ƙaurina, tana janyewa, tana bugu. Da na so, da na karanta. Ban so ba. Abin da na sata ta tsagar katanga ba zan zo in nuna shi kamar nawa ba, kuma ba zan ce ga mai shi ba. Na yi ta kallon fuskarta ina faɗin abin da ya zo bakina. Na samu ɗaya.

Malama ta ajiye katunan. Ta jawo takarda.

"Inna, yarinyar ga tana jin magana. Idonta ya nuna. Amma ban samu hanyar da za ta ce e ko a'a ba, ko da mu ko da ku. Mataki na huɗu zan rubuta. Baɗi in Allah ya kai mu a sake dubawa." Ta cire murfin biro. "Tambaya ta ƙarshe, Malam Kamilu. Cikin gida akwai wanda ya fi ka fahimtar ta?"

Na ce, "Babu."

Ta sunkuya ta fara rubutu.

Na dubi Fa'iza. Na ce a raina yanzu za ta yi magana. Ɗiyarta ce, aji ne, shekara guda ce. Ba ta yi ba. Hannunta ɗaya ya kama bakin hijabi yana murzawa. Kanta a ƙasa, ga surukarta, ga ƙanen mijinta. Za ta bari a rubuta huɗu ta koma gida da abinta, su ci gaba su biyu, ba mai shiga tsakaninsu. Wannan ne ya ƙona ni. Ba tausayi ba ne. So na yi in tona mata asiri, ta ji irin abin da na ji.

Na ce, "Ku tambayi uwarta mana. Ai ita ce malama."

Biron ya tsaya.

"Mi kac ce?" in ji Inna.

"Na ce a tambaye ta. Tana can bayan katanga tana kiran suna, Muhsina, Muhsina, suna ta hira da ƙafa. Har ni sunka yi da ni. A cire takalmin a gani."

Fa'iza ta rufe fuska da hannu biyu. Na ji daɗi. Daɗin bai kai ƙiftawar ido uku ba.

Malama ta mayar da murfin biro. Ta dubi ƙafar da ke lilo a gwiwata, ta daɗe. Ta ce, kamar da kanta take, "Ido, hannu, baki. Ban duba ƙasa ba." Sannan ta ce, "Inna, ku yi haƙuri."

Inna ta riga ta miƙe. "Ni dama ƙafata ta yi tsami. Kai, tashi."

"Ni anka rubuta."

"Tashi na ce."

Na kwantar da Muhsina a tabarma na fita. Aka turo ƙofa.

Muka zauna a benci. Inna ta ciro goro ta ɓantara, ba ta ba ni ba.

Na ce, "Kin sani?"

"Tun tana shekara huɗu."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ka taɓa tambaya? Kullum bakinka a buɗe."

"To mi ya hana ki faɗa ɗazu?"

"Matar ta ce ido, ta ce hannu, ta ce baki. Ba ta ce ƙafa ba. Na ce ko ƙafa ba ta cikin takarda. Kai ne kay yi boko, na bar maka." Ta tofar da ɓawon goro. "Kuma ba ni zan tona ɗiyar mutane ba. Ni ma da yayanka yana jinjiri, sai kowa ya tahi gona nika yi mishi wasa. Amma kai ka iya, gaban jama'a."

Na kasa kunne wajen ƙofa.

Daga ciki ba a jin komai da farko. Can na ji muryar Fa'iza, ƙasa-ƙasa, tana rawa. Sai ta daidaita. Sai muryar Malama, "Goma cikin goma." Wata mata a layi ta yi tsaki ta ce waɗannan sun cinye lokacin mutane. Sai na ji Malama na tambaya da kanta, a hankali, da dogon shiru tsakanin tambaya da tambaya. Sai ta yi wata irin ƙara ta farin ciki. Baƙuwa. Ko wuni guda ba ta yi da sanin yarinyar ba.

Na tashi na je na duba tayar babur. Lafiyarta lau.

Da aka buɗe ƙofa Malama ta ce mu shigo. Idon Fa'iza ya yi ja. Ganin Inna ta sake jan hijabi, amma ba ta koma bakin ƙofa ba.

"Mataki na uku," in ji Malama. "Ni ma ta amsa mini bakwai cikin goma. In ta samu allo, muka sa shi inda ƙafar za ta kai, ina sa ran na biyu. Ta samu gurbi. Duk Talata."

Inna ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah.

"Saura abu ɗaya. Mutum ɗaya ka shiga aji da kowane yaro, shi koyi allon tare da shi. Nan an rubuta Kamilu."

Na ce, "Ni na iya karatu."

"Hotuna ne, Malam Kamilu."

"Ita kunya ba za ta bar ta ba."

Inna ta ce, "Ajin ai ba ni ciki."

Malama ta ce, "Mu tambayi mai abin. Zo, kai za ka tambaye ta."

Na durƙusa. Ta nuna mini yadda zan shimfiɗa tafina ƙarƙashin ƙafar, kar in riƙe, kar in tura. Ƙafar ƙarama ce, da ɗumi, maɗaurin takalmin ya bar mata shaida. Na sha taɓa ta. Ban taɓa sauraron ta ba.

"Tambaya ɗaya, mai amsar e ko a'a. In ka yi, ka kama bakinka. Ka ƙirga ashirin a zuci."

Muhsina tana kallona. Ta yi mini dariyar nan tata.

Na ce, "Baffa shi riƙa shiga aji da ke?"

Na ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Bakina ya fara motsi, Malama ta ɗaga yatsa. A tara ƙafar ta janye daga tafina. A hankali, amma ta janye. Har yanzu tana dariya.

"Wataƙila harbi ne," na ce.

"Sake, ka juya tambayar."

Na maida tafina. Na ce, "Mamanki ta shiga?"

Ban kai uku ba ta danna.

Malama ta ja layi a kan sunana ta rubuta Fa'iza. Na ga layin. Madaidaici ne, ba ta yi amfani da rula ba.

Ya kamata in tashi. Ban tashi ba. Hannuna na nan a ƙasa kamar mai roƙo. Na ji Inna ta fara tattara kaya, na ji an kira suna na gaba a waje.

Na ce, "To in riƙa kawo ku a babur?"

Shiru. Na ƙirga goma. Na ƙirga sha biyar. Ta juya ido wajen uwarta, ta dawo da shi kaina. Ko tunani take, ko jan raina take, ban sani ba, kuma ba ni da hanyar sani sai ta faɗa. A sha takwas ta danna.

Fa'iza ta ce daga cikin hijabi, "To ɗan boko, ka samu aiki."

Na janye hannuna na miƙe.

Yanzu duk Talata ina kawo su. Su shiga, ni in jingina babur a gindin dogon yaron in zauna. Awa biyu. Tagar ajin tana kallon wurin, ina jin dariyarsu. Sau ɗaya Malama ta leƙo ta ce in shigo in ga allon. Na ce ina gadin babur.